Jan garwashi ma yana kisa a ɗakin da aka kulle

Duk shekara, da zarar muku-mukun sanyi ya kankama a Disamba da Janairu, sai a ji labarin iyalin da aka ɓalle ƙofarsu da hantsi aka same su a galabaice, wasu ma rai ya yi halinsa, ga kasko a tsakar ɗaki. Kafin a dawo daga maƙabarta magana ta zaga unguwa: wai guba aka sa a tuwon dare, wai iska ce ta shafe su, wai kishiya ce. Kaskon kuwa a ɗauke shi a zubar da tokar, da daddare maƙwabta su hura nasu.

Tushen abin rashi ne. A Birtaniya an daɗe ana lissafa gidan da ɗumama shi ke cin fiye da kashi 10 cikin ɗari na kuɗin shigarsa a matsayin mai fama da talaucin makamashi, kuma tun 1997 gwamnati ke biyan tsofaffi kuɗin ɗumin hunturu. Mu nan ba mai ba ka sisi. Lantarki ba tabbas, tun da aka cire tallafin man fetur a Mayun 2023 kuma komai ya yi tashin gwauron zabi. Sai gawayi.

Maganar da ta ishe ni ita ce wannan: "Ai sai da na bari ya ruru a waje, hayaƙin ya ƙare, sannan na shigo da shi." Malam, hayaƙin da ke sa ido hawaye shi ne ma mai mutunci, domin yana sa mutum tari har ya buɗe ƙofa. Mai kisan ita ce iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da launi, ba ta da wari, kuma jan garwashi na fitar da ita har ya zama toka. Idan an rufe ƙofa da taga, iskar oksijin na raguwa, wutar ta kasa ci sosai, gubar ta ƙaru. Da an shaƙe ta, tana kama jajayen ƙwayoyin jini da ƙarfin da ya ninka na oksijin fiye da sau 200, jini ya yi ta zagayawa ba ya kai wa ƙwaƙwalwa da zuciya abin da suke buƙata. Farko ciwon kai ne, da jiri, da tashin zuciya. Wanda ke barci ba zai ji ko ɗaya ba. Wanda ya farka ma sau da yawa ƙafa ba ta ɗaukarsa zuwa ƙofa. Jarirai da masu juna biyu da tsofaffi ta fi saurin kayarwa, kuma su ne muke kai wa kaskon don tausayi, musamman ɗakin mai jego. Janareta a zaure ko lungun ɗaki, hukuncinsa ɗaya.

To me za a yi da sanyin? A ji ɗumi a waje ko ƙofa a buɗe, a fitar da kasko kafin a kwanta, ko da saura garwashi ɗaya. Sai bayan an fitar da shi, iska ta ɗan ratsa ɗakin, za a toshe ƙasan ƙofa da buhu, a saki labule mai kauri. A shimfiɗa tabarma ko kwali ƙarƙashin katifa, domin siminti na zuƙe ɗumin jiki. A sa wa yara hula da safa da riguna biyu ko uku. A zuba ruwan zafi a jarka mai murfi, a naɗe ta da zane, a tura cikin bargo. Mai rufin kwano da ya samu hali ya sa silin. Zafin ɗaki ta sama yake gudu, shi ya sa soron kakanninmu mai azara da katanga mai kauri ya fi ɗakin bulo ɗumi da asuba.

Idan kuma aka tarar da mutanen ɗaki ɗaya duk suna kukan ciwon kai ko sun suma, a wangale ƙofa da taga, a fito da su fili, a garzaya asibiti a faɗa wa likita cewa da gawayi suka kwana. Kada a tsaya ɗura musu manja ko madara. Wanda ya suma zai iya shaƙewa da su, oksijin yake buƙata.