Wa Ya Kunna Wuta a Ƙirjin Gwaggo?

Gwaggona ta haura shekara sittin ba ta san ƙwannafi ba, sai dai ta ji shi a bakin masu juna biyu. Ta ci tsire, ta ci balangu, ta sha farfesun kayan ciki kitse na yawo a saman romo, ta kwanta ta yi barcinta lafiya lau. Sai da ta bar nama sannan ciwon ya same ta. Abin da ya ɗaure mana kai ke nan, domin duk wanda ya taɓa kai wannan kuka gaban likita ya san abin da ake fara hana shi: kitse da maiƙo da nama mai nauyi. Ita, a ganinmu, ta bar su duka, ta koma ga hatsi da wake da ganye, sai ga wuta a ƙirji kusan kullum dare.

Asalin maganar, an auna jininta ne aka ga ya hau, kitsen jini ma ya yi yawa. Likita ya rubuta mata magani, ya ce ta rage gishiri da jan nama. Gwaggo kuwa ba ta iya yin abu rabi da rabi ba. Ta bar jan nama, ta bar kaza da kifi, daga baya ta haɗa har da ƙwai da nono da man shanu. A unguwarmu a Kano wannan abin magana ne, har wasu suka riƙa tambaya a ɓoye ko babu ce ta kawo. Ta sha faɗa musu cewa ba haramta wa kanta komai ta yi ba, lafiya take nema. Wata bai zagayo ba zafin ya fara. Yakan taso daga ƙasan ƙashin ƙirji ya haura maƙogwaro, ruwa mai tsami ya cika mata baki, tari busasshe ya hana ta barci, da asuba kuma murya a dishe.

Gida ya rabu biyu. Wasu suka ce rashin nama ne, cikinta ya rasa abin da zai niƙa shi ya sa yake cin kansa. Wasu suka ce olsa ce, a nemo mata magani a kemis. 'Yarta ta biyu, wadda take aikin jinya, ita ce ta tsawatar. "Umma, ba za mu yi ta canki-canka da lafiyarki ba. Za mu bi abin ɗaya bayan ɗaya." Ni kuma aka ɗora mini riƙon littafin da za a riƙa rubuta abin da ta ci, da lokacin da ta ci, da lokacin da zafin ya taso.

Zuciya aka fara dubawa, kuma wannan shi ne daidai. Mace mai shekara sittin da hawan jini idan ta ce ƙirjinta na zafi, ba a cewa ƙwannafi ne sai an tabbatar ba zuciya ba ce, domin a wajen mata da masu ciwon suga, ciwon zuciya yakan zo a kamannin ɓacin ciki. Likita ya manna mata wayoyin gwajin zuciya, ya tambaye ta: "Hajiya, zafin yana sauka hannu ko haɓa? Yana zuwa da gumi ko haki idan kin yi tafiya?" Ta ce a'a. Ya sake tambaya ko abinci yana maƙale mata in ta haɗiya, ko tana aman jini, ko bayan gidanta ya yi baƙi ƙirin, ko tana ramewa ba dalili. Da ta ce e ga ko ɗaya daga cikin waɗannan, da sai an zura mata bututu mai kyamara an leƙa cikin. Babu ko ɗaya.

Sai olsa. Mutanenmu kowane zafin ciki olsa suke kiransa, alhali gyambon ciki dabam, ƙwannafi dabam. Galibin gyambon ciki ƙwayar cuta ce ke kawo shi, mai suna Helicobacter pylori, wadda likitoci biyu a birnin Perth na Ostareliya, Barry Marshall da Robin Warren, suka gano a farkon shekarun 1980, har aka ba su kyautar Nobel a 2005. Sauran kuma yawanci magungunan ciwon gaɓoɓi ne irin su ibuprofen da diclofenac. Gwaggo ba ta shan waɗannan. An gwada bayan gidanta tun kafin ta fara shan maganin rage tsamin ciki, domin shi kansa maganin yana iya ɓoye ƙwayar, aka ga babu.

A nan ne 'yar tata ta zaunar da mu ta bayyana mana yadda abin yake. Tumbi yana da ruwa mai tsananin tsami da yake narkar da abinci, kuma an halicce shi da rufin da ke kare shi daga wannan ruwa. Bututun da ke kai abinci daga maƙogwaro zuwa tumbi, mai tsawon kusan santimita 25, ba shi da irin wannan kariya. A mahaɗarsu akwai wata tsoka da ke tsuke bakin tumbi kamar tazugen wando: ta saki abinci ya wuce, ta sake tsukewa. Idan ta yi sako-sako, ko tumbin ya cika ya matsa mata, ruwan ya haura ya ƙona. Saboda haka ba wai tsamin cikin Gwaggo ne ya ƙaru ba. Tambayar ita ce, me ke sassauta bakin, kuma me ke tura ruwan sama?

Wake aka fara tuhuma, don shi ne ya maye gurbin nama a kwanonta, kuma kowa ya san shi da kumbura ciki. Littafin nan ne ya wanke shi. Ranar da ta ci faten wake ko alale da rana, shiru. Ranar da ta karya da ƙosai, ko jikoki suka sayo mata awara da la'asar, ko aka yi ɗanwake aka malala masa soyayyen mai da albasa, kafin awa biyu ta fara dafe ƙirji. Ƙosai da alale duk daga ƙullun wake ɗaya suke fitowa. Bambancinsu kasko ne.

Na daɗe ina juya wannan a raina, domin ina ganin nan ne yawancin masu barin nama ke faɗawa. Tumbi bai san mai na dabba ne ko na tsiro ba. Man gyaɗa da manja da kitsen rago, dukansu suna jinkirta fitar abinci daga ciki, kuma suna sa tsokar bakin tumbi ta saki. Da Gwaggo ta cire nama daga miya sai miyar ta yi mata salam, ita kuma mai girki, don tausayi, ta riƙa ƙara mai don a ji daɗin ci. Awara abinci ce mai kyau ƙwarai, waken suya ne zalla mai gina jiki, amma tana shan mai a kasko fiye da yadda ido ke gani. Ga ƙuli-ƙuli a kwaɗon zogale, ga soyayyar gyaɗa a gefen tabarma don kashe kwaɗayi. Da aka lissafa, maiƙon da take ci bayan ta bar nama bai gaza na da ba. An gudu gara an faɗa gidan zago. Aka koma dafa awarar a cikin miya ko gasa ta, aka ƙara daddawa da citta don ɗanɗano, aka riƙa auna mai da cokali maimakon tuttulawa daga galan. Zafin rana ya ragu sosai.

Daga nan aka bi ƙananan abubuwa, kowanne shi kaɗai: a bar shi na 'yan kwanaki, sannan a dawo da shi a gani. Ba na goyon bayan doguwar takardar hani da ake miƙa wa marasa lafiya, a ce kada su ci tumatir, kada su ci yaji, kada su sha lemo, kada su sha shayi. Mai cin nama zai iya jure wannan, amma wanda tsirrai ne duk abincinsa, in ka hana shi rabinsu me ka bar masa? Kuma abin da ke tayar wa wani ba lalle ya tayar wa wani ba. Tumatir dafaffe bai dame ta ba, haka ma ɗan attarugu a miya. Ɗanyar albasa ta dame ta, da zoɓo mai tsami idan ta sha da yamma, da goro bayan la'asar. Abin da ya fi ba ta haushi shi ne shayin na'a-na'a, wanda ta fara sha musamman don ya kwantar mata da ciki. Na'a-na'a tana sassauta tsokar hanji, shi ya sa take rage murɗa, kuma haka take sassauta bakin tumbi.

Duk da haka dare bai gyaru ba. Wata jikarta da ke kwana a ɗakinta ce ta tona abin da ba ya cikin littafi: kofi a ƙarƙashin gado, da jiƙon kanwa a ciki. Da aka tambaye ta sai ta ce, "To ɗan nan, ai kanwa ba abinci ba ce da zan sa ka rubuta. Iyayenmu da ita suka yi maganin ciki." Gaskiya ta faɗa, kanwa tana kashe tsami nan take. Sai dai idan ta haɗu da ruwan tumbi tana haifar da iska, cikin ya kumbura, gyatsa ta biyo baya, kuma kowace gyatsa buɗe bakin tumbi ce. Sauƙin 'yan mintoci ne, zafin ya dawo, ta ƙara kurɓa. Abin da ya fi tayar wa 'yarta da hankali shi ne kanwa cike take da sodiyam, sinadarin da saboda shi aka ce ta rage gishiri. An ɗauke kofin a daren.

Sauran bayanin dare yana cikin littafin tun farko, ba mu lura ba ne. A da Gwaggo takan ci malmala ɗaya da 'yan yankan nama bayan magariba ta ƙoshi. Yanzu kwano mai girma ɗaya bai riƙe ta, domin ganye da kabewa suna cika ciki amma yunwa na saurin dawowa. Sai ta jinkirta cin tuwo zuwa bayan isha'i, ta ci malmala biyu da miya mai yawa, ta bi da kofin kunu, kafin rabin awa ta miƙe a gado. In kuwa ta ci kafin salla, ruku'u da sujada da cikakken ciki su ne ke kawo mata ruwan tsamin har baki. Aka sauya tsari. Babban abinci ya koma na rana, da wake ko gurjiya a ciki don ya riƙe ta. Na dare ya zama kaɗan, kuma a bar awa uku tsakaninsa da kwanciya. Aka sa bulo a ƙarƙashin ƙafafun gadon ta wajen kai, ya ɗaga kamar santimita 15 zuwa 20, domin tara matasan kai lanƙwasa mutum yake yi ya ƙara matse ciki. An kuma ce ta riƙa kwanciya ta hagu, saboda a haka bakin tumbi yana kasancewa sama da ruwan da ke ciki. Wannan ya yi mata nauyi, ta saba da kwanciyar dama tun ƙuruciya saboda sunna. Ta sama wa kanta mafita: ta fara da dama, ta yi addu'o'inta, sannan ta juya.

Sauƙi ya samu, amma bai cika ba. Ko a ranar da aka kiyaye komai, akwai ɗan zafin da ke maƙale. Kuma wata tambaya ta ƙi barin 'yar tata: a da ma ai Umma tana cin ƙosai, tana cin goro, takan ci tuwon biki da daddare, ba abin da ke samun ta. Me ya sa yanzu ƙaramin abu ke tayar mata? Ta ɗauko katin asibiti ta duba ranar farko. A ranar abu biyu aka fara, ba ɗaya ba. Kowa ya ga barin nama, domin a bainar jama'a ake cin abinci. Ba wanda ya kula da 'yar ƙwayar da take haɗiya kullum. A jikin kwalin an rubuta amlodipine.

Wannan magani yana sauke jini ne ta hanyar hana sinadarin kalsiyam shiga tsokar da ke jikin jijiyoyin jini, sai su saki su buɗe. Tsokar bakin tumbi irin wannan tsokar ce, kuma a jikin wasu mutane ita ma takan saki. Magani ne mai inganci, yana cikin waɗanda suka fi yi wa baƙar fata aiki, kuma mafi yawan masu shan sa ba sa jin komai. Likitan bai yi kuskure da ya rubuta shi ba. Gwaggo na jin bayanin ta ce to daga yau ta daina sha. 'Yarta ta riƙe mata hannu: "Umma, ƙwannafi hana barci yake yi, hawan jini kuwa shanye ɓarin jiki yake yi. Ba za ki tsallake ko rana ɗaya ba sai mun ga likita."

Likita ya karanta littafin shafi-shafi. Ya sauya mata zuwa wani rukunin maganin hawan jini, ya sa a riƙa auna jinin a gida, ya kuma ba ta omeprazole na makonni takwas don ƙunar da ke bututun ta warke, ta sha da safe rabin awa kafin karin kumallo. Gwajin gaskiya shi ne bayan ta gama shan sa. Ta gama, zafin bai dawo ba, jinin kuma yana nan daidai.

A ranar da aka sauya maganin, kafin mu tashi, likitan ya tayar da wata magana da babu wanda ya zo da ita. Ya ce wanda ya bar nama da kifi da ƙwai da nono gaba ɗaya ba shi da inda zai sami bitamin B12, domin wake da zogale da gero ba su da shi. Hanta tana da ajiyar da kan kai shekaru, shi ya sa ƙarancin ke zuwa a ɓoye, da kasala da ƙarancin jini da jin ƙafa na dindiris. Magungunan rage tsamin ciki, idan aka daɗe ana sha, suna ƙara rage shigarsa jiki. Ya ce, "Hajiya, ban ce ki koma ga nama ba, abincinki yana da kyau. Amma ki zaɓi ɗaya: ko ƙwai da nono su dawo, ko ki riƙa shan ƙwayar bitamin ɗin." Ta zaɓi ƙwayar, ta ce a rubuta mata gwajin jini na bayan wata shida.