Ƙaramin Jirgin Da Ke Cikin Adakar Alhaji: A Sayar Ko A Ajiye?

Tambayarmu ta wannan mako ta fito ne daga wani bawan Allah a garin Wurno. Ya ce ya tsinci wani ɗan jirgin sama mai nauyi a adakar marigayi mahaifinsa, fari da kore, da injuna huɗu, da hoton giwa mai fiffike. Wai wani ɗan gwangwan ya ce zai saya bisa awon kilo. Shin ya sayar?

To malam, Allah Ya jiƙan Alhaji. Amsa a taƙaice ita ce, dakata tukuna.

Ita giwar nan tambarin kamfanin Nigeria Airways ce, wanda aka kafa a 1958, ya daina tashi a 2003. Injuna huɗu kuwa, in dai jirgin ba shi da tozo a ka, to ga alama Boeing 707 aka kwaikwaya, irin wanda ya sha kwasar alhazanmu zuwa Jidda. Dattawan Rabah da Goronyo da suka sauke farali a wancan zamani za su shaida shi.

Yadda ake ƙera shi, kamar dai zubin tukwanen nan ne da kuka sani. Sai dai su can tutiya suke narkawa, su gauraya ta da ɗan alminiyam, sannan inji ya tura narkakken da ƙarfi cikin mazubi na ƙarfe. Shi ya sa yake da nauyi, kuma maganadisu ba ya kama gangar jikinsa. Kamfanin Dinky na Ingila ya soma irin wannan aiki tun 1934, akwai kuma Herpa na Jamus.

Juya cikinsa ka duba. Galibi za ka ga sunan maƙera da wata lamba, misali 1:200. Ma'anarta, an rage komai na jirgin gaske sau ɗari biyu. Babban samfurin 707 ya kai tsawon mita 46, ka ga ke nan ɗan naka zai zama wajen santimita 23, kusan taƙi guda.

A ƙasashen Turai da Amurka akwai masu tara waɗannan jirage kamar yadda wasu ke tara tsofaffin kuɗi. Abin da suke dubawa shi ne sunan maƙera, da fenti na asali, da cikar tayu da fikafikai, da kwalinsa in yana nan. Jirgin kamfanin da ya riga ya mutu yakan ja hankalinsu. Amma fa kar mu yi maka romon baka: na roba ko na gwangwani da ake kawo wa yara tsaraba ba ya cikin wannan lissafi.

Saboda haka kar ka sake masa fenti, kar ka dirje shi da toka ko yashi. Ƙyalle mai laushi ya isa. Ka nisanta shi da laimar damina, don tsohuwar tutiya takan kumbura ta tsattsage.

Sannan ka tuna kayan gado ne, sai ka shawarci sauran magada. Ɗan gwangwan nauyi kawai zai auna, kuɗin kuma ba za su kai ko'ina ba, daga nan sai wutar maƙera.

Sai mun ji daga gare ku. A huta lafiya.