Hukuncin da Zuciya ke Yankewa Kafin Mu Farga



Bara, ana cikin karatun yamma, takalmin wani ɗan ajinmu ya ɓace a bakin ƙofa. Kafin malam ya ce uffan, idanunmu duk sun koma kan wani yaro da bai fi sati biyu da zuwa daga ƙauye ba. Ba wanda ya ga ya ɗauka. Rigarsa ce dai ta koɗe, Hausarsa kuma ba irin tamu ba. Ni ma na kalle shi, ba zan ɓoye ba. Daga baya aka gano ƙanen mai takalmin ne ya zura ya tafi gida. Yaron bai ce komai ba, amma sai da ya kwana uku bai zo makaranta ba.

To me ya kai idonmu kansa? Tun muna ƙanana ƙwaƙwalwa take tara abin da muke ji ana faɗa a gida da kasuwa game da ƴan ƙauye, ko wata ƙabila, ko masu wata sana'a. Da mun ga mutum sai ta haɗa shi da abin da ta tara, cikin gaggawa, ba tare da ta yi shawara da mu ba. A 2006 wasu masana biyu a Jami'ar Princeton ta Amurka, Janine Willis da Alexander Todorov, sun nuna wa mutane hotunan fuskoki na kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa kacal, suka tambaye su ko mai fuskar abin yarda ne. Amsoshinsu sun yi kusa sosai da na waɗanda aka bari suka kalla son ransu. Da aka ƙara musu lokaci, ra'ayin bai canza sosai ba, sai dai suka ƙara sakankancewa da shi. Wannan ne ya fi ba ni tsoro.

Suna ma kaɗai ya isa. A wani binciken da aka wallafa a 2004, an aika takardun neman aiki ga kamfanoni a biranen Boston da Chicago, wasu da sunayen da aka san farar fata da su, wasu da na baƙar fata. Duk inda aka kira masu sunan baƙar fata sau biyu, an kira na farar fata kusan sau uku, alhali ƙwarewar da aka rubuta iri ɗaya ce. Abin kuma yana aiki ta ɗaya gefen: in ɗan liman ya tashi karatu cikin farar riga da murya mai daɗi, kunnenmu kan tsallake kuskuren da da wani ne ya yi shi da tuni mun gyara masa.

Hana wannan tunani faɗowa a zuci ba ya hannunmu. Abin da ke hannunmu shi ne kar mu gina magana ko hukunci a kansa, kuma Suratul Hujurat ta yi gargaɗi kan yawan zato. A wasiƙar da Sayyidina Umar ya rubuta wa Abu Musa al-Ash'ari kan alƙalanci, ya umarce shi da daidaita masu shari'a har a kallo da wurin zama, don kar babba ya sa ran za a karkata gare shi, mai rauni kuma ya fid da rai da adalci. An hana alƙali yin hukunci yana cikin fushi, malaman fiƙihu suka haɗa da matsananciyar yunwa da ƙishirwa. Masu jarrabawar BEPC ma ai shi ya sa suke rufe sunan ɗalibi kafin takardarsa ta isa hannun mai gyara.

Mu da ba alƙalai ba, ga abin da na gwada ya yi mini amfani. In na ji zuciyata ta ƙi mutum haka kawai, sai in tambayi kaina: me na gani da idona, me kuma na ji an ce? Sannan in musanya mutumin: da abokina ne ya aikata wannan, haka zan fassara shi? Ranar takalmin nan, da na yi tambayar farko, amsar ita ce koɗaɗɗiyar riga na gani, shi ke nan.