Buguwar Kai da Mantuwa: Abin da Ke Faruwa a Mahaɗar Jijiyoyi

Ƙwaƙwalwar ɗan Adam na ɗauke da ƙwayoyin jijiya kusan biliyan 86, waɗanda ke isar wa juna saƙo ta wasu ƙananan mahaɗai da masana ke kira sinafs. Duk abin da mutum ya koya ko ya haddace, ƙarfin waɗannan mahaɗai ne ke riƙe da shi.

Kai na iya buguwa ba jini ba karaya, hoton asibiti ma ya fito lafiya lau, amma ɓarna ta ci gaba a ɓoye. Da zarar ƙwaƙwalwa ta girgiza, sinadarin gulutamet yakan kwararo fiye da kima, kalsiyam ya cika ƙwayoyin, su kuma su ƙarar da ƙarfinsu wajen daidaita kansu. Yawancin mutane kan warke cikin makonni, wasu kuwa mantuwa da ciwon kai su bi su wata da watanni.

Ƙwayar da ta shiga matsi takan rage sarrafa furotin don ta tsira, alhali sabon tunani ba ya zama daram sai da sabon furotin. Bayan rauni, wannan birki da ke rage sarrafa furotin kan maƙale ya ƙi saki. A 2017, Susanna Rosi da Peter Walter na Jami'ar Kalifoniya da ke San Faransisko suka gwada wa ɓeraye masu raunin kai wani sinadari mai suna ISRIB, wanda ke sakin birkin. Ko da aka ba su shi makonni bayan raunin, ƙwazonsu na koyo da tunawa ya dawo.

Wani binciken ya karkata ga garkuwar jiki. Furotin C1q kan yi wa mahaɗai alama domin ƙwayoyin da ke share ƙwaƙwalwa su cinye su. A 2021, ayarin Jeanne Paz na Cibiyar Gladstone ya gano cewa toshe C1q a ɓeraye bayan ƙaramin rauni na rage kumburi da mutuwar ƙwayoyin jijiya.

Sai dai ɓera ba mutum ba ne, kuma har yanzu babu maganin da aka amince da shi don gyara waɗannan mahaɗai. Saboda haka mai hawa babur ya riƙi hular kwano, wanda ya bugu a kai kuma ya ga likita, ya huta, ya guji buguwa ta biyu kafin ta farko ta warke.