Sabon koci, sabuwar sa'a? Yadda Kano Pillars ta zama zakara a 2008, da abin da ya biyo baya

A watan Mayun 2008, Kano Pillars ta lashe gasar Firimiya ta Najeriya a karon farko tun kafuwarta. Shekara 18 ke nan da aka haɗe ƙungiyoyi uku, WRECA da Kano Golden Stars da Bank of the North, aka samar da ita a 1990, kuma shekara 30 rabon da wata ƙungiyar Kano ta ɗauki wannan kofi, tun lokacin da Raccah Rovers ta yi haka a 1978. Mutumin da ya ja ragamar ƙungiyar a wannan kaka shi ne Kadiri Ikhana. Kwana guda bayan samun nasarar, sai ya sanar da ajiye aiki, yana kokawa da yadda cin hanci ya yi katutu a harkar ƙwallon ƙafa ta ƙasar.

Tun daga lokacin wannan kaka ta zama abin kafa hujja. Duk sa'ad da Sai Masu Gida ta shiga mawuyacin hali, kiran da ake fara ji a gidajen rediyo da gidajen kallo, daga Fagge har Birnin Gwari, shi ne a kori koci a kawo wani. Hujjar masu wannan kira ita ce an taɓa yi, kuma an ga amfaninsa. Tarihin ƙungiyar ya ba su gaskiya a wani ɓangare, amma ya bar musu tambayoyi masu wuyar amsawa.

Ikhana ba baƙo ba ne a fagen cin kofi. Yana cikin tawagar Najeriya da ta ci Kofin Ƙasashen Afirka a Legas a 1980, kuma shi ne ya kai Enyimba ta Aba ga lashe Kofin Zakarun Afirka a 2003, abin da babu wata ƙungiyar Najeriya da ta taɓa yi kafin nan. Hukumar ƙwallon ƙafa ta Afirka ta zaɓe shi gwarzon mai horarwa na wannan shekara. Idan mutum mai irin wannan tarihi ya shiga ɗakin 'yan wasa, maganarsa na da nauyi. Ɗan wasan da ya saba zuwa atisaye a makare yakan shiga taitayinsa, wanda aka daɗe da ajiyewa a benci yakan ga ƙofa ta buɗe masa, shugabannin ƙungiya kuma sukan ɗan ja da baya daga tsoma baki wajen zaɓen waɗanda za su buga. Wannan na ƙarshen ba ƙaramin abu ba ne a ƙungiyar da gwamnati ke riƙe da ita.

Sai dai Ikhana ya tarar da wata gagarumar dukiya a ƙasa. Tun daga 2003 babu ƙungiyar da ta je Kano ta doke Pillars a wasan lig, kuma haka abin ya ci gaba har zuwa Agustan 2015. Domin a gane muhimmancin wannan, sai an dubi yadda gasar Najeriya take. Ƙungiyoyi 20 ne, kowace na buga wasa 19 a gida, 19 a waje. Ƙungiyar da ta cinye duk wasanninta na gida tana da maki 57 tun kafin ta taka ƙafa waje. Plateau United ta Jos, wadda ita ma ta ɗauki kofinta na farko a 2017 a kakar farko ta sabon koci, Kennedy Boboye, da maki 66 ta ƙare. A gasar da kusan kowa ke cin wasa a gidansa yana shan kashi a gidan wani, tazarar da ke tsakanin zakara da ƙungiyar tsakiyar teburi ba ta wuce 'yan wasannin waje ba: nasara biyu ko uku, da kunnen doki huɗu ko biyar. Kocin da ya iya tsara baya, ya koya wa yaransa haƙurin riƙe canjaras a Aba ko Fatakwal, zai iya ɗaga ƙungiya daga tsakiya zuwa sama ba tare da ya sauya rabin 'yan wasa ba. Daga nesa abin kan yi kama da siddabaru, alhali gyara ne ɗan kaɗan a wurin da ya fi tasiri.

Abin da ya faru bayan tafiyar Ikhana ya ƙara fito da lamarin fili. Da a ce sirrin yana aljihunsa, da ya tafi da shi. Amma a 2009, ƙarƙashin Ivo Šajh ɗan ƙasar Sulobeniya, Pillars ta fitar da Al Ahly ta Masar daga Kofin Zakarun Afirka, alhali ita ke riƙe da kofin. An tashi 1-1 a Najeriya, aka yi 2-2 a Alƙahira, Pillars ta wuce da yawan ƙwallayen waje. Sai a zagayen kusa da na ƙarshe Heartland ta Owerri ta taka mata burki. A kakar 2009/2010 wani matashi mai suna Ahmed Musa ya zura ƙwallo 18 a rigar ƙungiyar, ya wuce Holan. Daga nan aka jera kofuna uku: 2012 da 2013 a hannun Mohammed Baba Ganaru, 2014 a hannun Okey Emordi, wanda shi ma ya ci wa Enyimba kofin Afirka a 2004. Kofi huɗu, masu horarwa uku. Abin da ya daɗe bai sauya ba shi ne filin Sani Abacha da ke Ƙofar Mata cike da jama'a, da ginshiƙan 'yan wasa irin su Rabi'u Ali da Gambo Mohammed da mai tsaron raga Theophilus Afelokhai, waɗanda suka shafe shekaru suna wasa tare har kowa ya san motsin ɗan'uwansa.

Masu nazarin alƙaluman wasanni na da wani bayani da magoya baya ba sa son ji. Ba a korar koci sai ƙungiya ta kai maƙura wajen rashin nasara, kuma irin wannan jerin shan kashi yawanci akwai rashin sa'a a cikinsa: ƙwallon da ta bugi turke, fenaretin da aka hana, manyan 'yan wasa biyu da suka ji rauni a mako guda, ko jadawalin da ya tara wasannin waje masu zafi a jere. Waɗannan abubuwa ba sa ɗorewa. Ƙungiya mai ƙarfi za ta komo matsayinta ko an sauya koci ko ba a sauya ba, amma da yake sabon ne ke kan kujera lokacin da al'amura suka daidaita, shi ke kwashe yabon. Wannan bai soke tasirin koci ba. 'Yan Najeriya ba za su manta da Emerse Faé ba, wanda ya karɓi Kwaddibuwa a tsakiyar gasar Afirka a Janairun 2024, bayan Ikwatoriyal Gini ta lallasa ta da 4-0 aka sallami Jean-Louis Gasset, ya kuma doke Super Eagles da 2-1 a wasan ƙarshe. To amma 'yan wasan da suka ci kofin su ne dai waɗanda aka zura wa huɗu makonni uku kafin nan. Ya kwance musu ɗaurin da ke zukatansu, bai ƙirƙiro su ba.

Ita ma Pillars ta gwada komawa ga tsohon magani. Bayan Nasarawa United ta doke ta da 2-1 a Kano a Agustan 2015, aka raba gari da Emordi, mutumin da ko shekara bai cika da kawo kofi ba, aka dawo da Baba Ganaru. A ƙarshen 2016 aka sake kiran Ikhana da kansa, bai kai ƙarshen kakar 2017 ba. Mutanen su ne, sunan ƙungiyar shi ne, amma kofin lig bai dawo ba har yau. Abin da aka samu shi ne kofin ƙalubale na 2019, da Ibrahim Musa ya ɗauko a Kaduna bayan doke Niger Tornadoes a bugun fenareti.

Me ya sauya a tsakani? Ginshiƙan sun fara tsufa ko watsewa. A watan Maris na 2015 'yan bindiga sun buɗe wa motar ƙungiyar wuta a hanyar Abuja zuwa Lokoja, tana kan hanyar zuwa Owerri, 'yan wasa biyar suka ji rauni, har da Gambo Mohammed. Duk wanda ya san halin da matafiya suka shiga a hanyar Kaduna zuwa Birnin Gwari a shekarun baya, ya san da wace irin zuciya mutum ke shiga mota bayan ya ga haka, kuma a mota ƙungiyoyinmu ke cinye mafi yawan tafiye-tafiyensu. A 2020 aka mai da wani sashe na filin Sani Abacha cibiyar killace masu cutar korona, ƙungiyar ta koma karɓar baƙi a Kaduna. Masu Gida suka zama 'yan haya. Tsakanin 2020 da 2022 kujerar koci ta ga Bafaranshe Lionel Soccoia da Ibrahim Musa da Salisu Yusuf. Da aka dawo Kano a Afrilun 2022, wasa da Katsina United ya ƙare da tarzoma, aka farfasa motar baƙi, hukumar gasar ta zaftare wa Pillars maki uku ta kuma tura ta Abuja. A ƙarshen kakar ta faɗa ajin 'yan dagaji tare da Katsina United da Heartland da MFM. Babu kocin da ya jefi mota, kuma babu kocin da zai iya maido da makin da aka yanke a ofis.

A nan ne zancen ya bar fili ya shiga gidan gwamnati. Kano Pillars mallakar gwamnatin jiha ce, kamar mafi yawan ƙungiyoyin gasar. Gwamna ke naɗa shugabanninta, daga baitulmali ake biyan albashi da kuɗin tafiya. Shi ya sa 'yan siyasa ke lissafin kofuna da zamanin mulki: ɗaya lokacin Ibrahim Shekarau, uku lokacin Rabi'u Musa Kwankwaso, kofin ƙalubale da faɗuwa lokacin Abdullahi Ganduje, dawowa babban aji a 2023 ƙarƙashin koci Evans Ogenyi, makonni kaɗan bayan rantsar da Abba Kabir Yusuf. Wannan lissafi na da daɗin cacar baki a Facebook, amma ba ya gaya wa mai biyan haraji nawa aka kashe, ko an biya 'yan wasa haƙƙinsu a kan kari, ko wa ya zaɓo waɗanda aka saya. A cikin duk masu hannu a ƙungiyar, koci ne kaɗai za a iya sallama da takarda guda, ba tare da an taɓa ɗan jam'iyya ko an buɗe littafin kuɗi ba. Korar tasa na da arha, tana kuma kwantar da hankalin 'yan kallo na ɗan lokaci.

Akwai misalin da ya saɓa wa wannan al'ada. Remo Stars ta Ikenne a jihar Ogun, wadda ɗan kasuwa Kunle Soname ya mallaka, ta zo ta biyu a 2023, ta sake zuwa ta biyu a 2024, ba ta kori Daniel Ogunmodede ba. A 2025 ya ɗauko mata kofin farko a tarihinta.

A Kano kuwa, a Oktoban 2025 'yan kallo sun sake kutsawa fili bayan wasa da Shooting Stars ta Ibadan. Aka sake yanke maki uku, aka mai da wasannin gida Katsina. Ba a jima ba hukumar ƙungiyar ta dakatar da Ogenyi, ta aika a kira Baba Ganaru.