Iskar Kabon da Tsirran Ƙarƙashin Ruwa

Kafin zamanin masana'antu, iskar kabon a sararin sama kashi 280 ce cikin miliyan. A 2013 ta kai 400. Tsiron tudu yana shaƙarta kai tsaye, amma wanda ke nutse cikin tabki da ƙyar yake samunta, domin ratsawarta cikin ruwa ta fi ta cikin iska nawa kusan sau 10,000. Saboda haka wasu tsirran kan tatsi kabon daga wani gishiri dangin kanwa da ke narke cikin ruwa. Ƙaruwar iskar kuwa ta fi amfanar waɗanda ba su da wannan dabara. Ke nan a fadamar Haɗeja da Nguru, gabas da Gumel, wani tsiro na iya danne wani, mafakar kifi da abincinsa su sauya, masunta su ji a jikinsu.