Numfashin Inji: Me Ke Sa Mota Ta Mutu a Tsaye?

Sau da yawa mukan ga mota ta sharo gudu lafiya lau, amma da ta tsaya a danja sai inji ya kama karkarwa, ya mutu. Makanikai kan ce ba ta da silo. Ni da ilmin halittu na karanta, nakan ɗauki wannan a matsayin ciwon numfashi.

Inji, kamar jikin ɗan Adam, yana ƙona abincinsa ne da iskar oksijin. Kowane giram 1 na fetur yana bukatar kimanin giram 14.7 na iska kafin ya ƙone sarai. Idan direba ya ɗauke ƙafa daga totur, babbar ƙofar iska takan kusa rufewa, sai inji ya koma shaƙa ta 'yar siririyar hanya, yana juyi wajen sau 600 zuwa 900 a minti. A nan ne ƙaramin lahani ke fitowa fili, domin abin da ake shaƙa kaɗan ne.

Saboda haka a fara da saurare. In an ji tsit-tsit kamar hucin maciji, wataƙila wani tiyon roba ya tsage, iskar da ba a auna ba tana kutsawa, fetur ya yi mata kaɗan. Baƙin hayaƙi daga salansa kuwa alama ce fetur ya yi yawa. A duba matatar iska, musamman da hunturu in ƙura ta toshe ta. Fulogi ma shaida ne: a kwance shi, in bakinsa ya yi baƙin gawayi, ƙuna ba ta cika ba.

Tsofaffin motoci masu kafireta, irin Peugeot 504 da aka harhaɗa a Kaduna, suna da ƙusar daidaita silo. Wasu makanikai kan yi garajen murɗa ta, ciwo ya ɓuya, fetur ya yi ta zurarewa. Yawancin motocin yau kwamfuta ke auna musu iska, kuma sau tari wanke dattin maƙogwaron inji ya wadatar.

Abu guda nake roƙon ɗalibai: kada a yi wannan gwaji cikin rufaffen gareji. Ƙunar da ba ta cika ba tana fitar da kabon monoksaid, iska marar launi, marar wari, wadda ke kama sinadarin himogulobin na jini fiye da oksijin sau 200 da ɗoriya. Mutum kan ji ciwon kai da jiri, ya sume bai ankara ba. A fito da motar fili tukuna.